Lichess, Chess.com, Chessable ko ChessBase: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duka huɗun manhajojin wasan ches ne. Kafin ka zaro katin banki, ka san aikin da kake nema. Mai son gano inda ya yi kuskure a wasan ches da mai son haddace buɗin wasa, wato takun farko-farko, ba abu ɗaya suke buƙata ba.

Fara da Lichess, don kyauta ce, ba talla. Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa ta a 2010, kuma da gudummawar masu amfani da ita take tafiya. Tana da Stockfish, injin da ke nazarin wasa, da rumbun wasannin gwanaye. Ɗora wasa na shida na gasar kambun duniya tsakanin Bobby Fischer da Boris Spassky a Reykjavik, 1972. Fischer da aka san shi da takun farko na 1.e4 sai ya fara da 1.c4, wasan ya koma buɗin da ake kira Queen's Gambit Declined. A kowane taku za ka ga abin da manya suka fi bugawa a wurin da yadda aka tashi. Inda ta gaza shi ne bayani: injin zai nuna maka lambar da ke auna wanda ke kan gaba, amma fahimtar dalili aikinka ne. A ganina wannan wahalar ma riba ce.

Chess.com tana bayyana kuskure da kalmomi, abin da ke taimaka wa sabon shiga. Sai dai mai asusun kyauta ba ya samun cikakken bita yadda yake so, kuma kuɗin wata-wata ne, ba a gama biya.

Chessable, wadda ta koma hannun Chess.com a 2022, ta haddar buɗi ce. Takan dawo maka da takun da ka manta har ya zauna. Kada ka sayi kwas ɗin buɗin Sicilian Najdorf alhali ba ka tsai da buɗin da za ka riƙe ba. Abokin karawarka zai kauce tun taku na uku, haddar ta tashi a banza.

ChessBase ta wani kamfani ce da ke birnin Hamburg a Jamus, da rumbun wasanni sama da miliyan goma. Tana da tsada, kuma sai kwamfuta mai Windows. Mai zuwa gasa ne ke cin moriyarta, wanda zai binciki wasannin abokin karawarsa da daddare kafin su zauna da safe. In aljihu bai kai ba, sauke Scid, manhajar adana wasanni, kyauta, ka riƙa zuba mata wasannin shafin The Week in Chess da ke fitowa kowane mako.