Darussan kwaleji kyauta a sakandare: na yaba, amma a karanta kafin a sa hannu

Shekara biyu ke nan babbar 'yata tana ɗaukar darussan kwaleji alhali tana sakandaren gwamnati a nan Columbus, jihar Ohio. Sunan tsarin College Credit Plus, an fara shi a 2015, kuma yaro daga aji 7 zuwa aji 12 yana iya shiga. Darasi ɗaya, riba biyu: a ƙirga maka shi a sakandare, a ƙirga a kwaleji. Kuɗin karatu da na littattafai ba ruwan iyaye. Duk wanda ya san abin da jami'a ke lashewa a Amurka ba sai an ja masa baki ba. Turanci da lissafi da ta ɗauka a cikin ginin makarantarsu, malamarsu ce ta koyar, lafiya lau ta wuce.

Inda gizo ya yi saƙar shi ne kimiyyar sinadarai. Wannan sai an je harabar kwalejin, ƙarfe takwas na safe, kuma makaranta ba ta ba da mota. Babansu aikin dare yake yi a sito, ni kuma shida na safe ina gidan kula da tsofaffi. Cikin sanyin Janairu yarinya ta riƙa tsayawa jiran bas, hannu cikin aljihu, hanci na zuba, ta sauka ta hau ta biyu. Da ta ga ta rasa aikin ɗakin gwaji har sau uku, ta ce, "Umma, gara in janye da in faɗi." Na ce to.

Ashe kwana 14 na farkon zango ne ake janyewa ba ko sisi. Bayan nan, ko ka janye ko ka faɗi, hukumar makaranta na da ikon neman a biya ta kuɗin darasin. Sai ga wasiƙa, kusan dala 500. Na je ofis, matar ta zaro takardar neman shiga tsarin da na sa wa hannu kafin wa'adin 1 ga Afrilu, ta ɗora yatsa a kan layin da ya faɗi haka. Gaskiyarta, yana nan. Sai dai a taron iyaye minti arba'in aka yi ana zuba "kyauta, kyauta", wannan kuwa a guje aka wuce shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: 'ya'yan da aka ƙirga cikin masu ƙaramin ƙarfi, masu cin abincin rana kyauta, doka ta yafe musu, kuma daidai ne. Mai hali ya saya wa ɗansa mota, ba ya ma makara. Mu da albashi biyu ya ɗaga mu sama da ma'aunin masu ƙaramin ƙarfi da ɗan kaɗan, mu ne ke biya. Ga alamar janyewar nan ta zauna daram a takardar sakamakonta ta kwaleji.

Mun raba kuɗin kashi uku mun biya. Ƙanenta zai shiga baɗi, amma darasin da ake yi cikin makarantarsu kawai, har sai ya sami lasin tuƙi.