Notin sit mai fuka-fuki: ku ji yadda muka yi da shi kafin ku saya

Tun da aka fara tallar notin nan a Facebook da sitatus na WhatsApp, wanda ake cewa da shi za ka cire sit ɗin mashin da hannu ba sai ka nemi sifana ba, mutane suke tare ni da tambaya saboda sun ga irinsa a nawa.  Na tura wa mai sayarwar kuɗin ta banki, ya ba direba a tasha, kaya suka iso min Zariya a 'yar leda: noti biyu masu fuka-fuki, da washa biyu shafaffu. Shi ke nan abin da ke ciki.

Dabarar kanta mai kyau ce, wannan ba zan ɓoye ba. Mai roba-roba ba zai gane damuwarmu ba, shi makulli kawai zai murɗa sit ya ɗago, tunda tankinsa a ƙarƙashi yake. Mu masu tanki a gaba, irin su Boxer da TVS da Jincheng, yawanci sit ɗinmu harshe gare shi a gaba da ke shiga ƙarƙashin wani ƙarfe a bayan tanki, sannan kunnuwa biyu a baya da ake ɗaurewa da noti a jikin firam. In ba ka da sifana 12 a hannu, to kallon sit ɗin kawai za ka yi. Kuma a ƙarƙashinsa wayoyin fitilar baya da sigina da birki suke bi, can notin tanki na baya yake, a nawa ma har soket ɗin CDI, ɗan akwatin da ke sa fulogi ya ba da wuta, yana can. Ni aikina yawon ƙauyuka ne a yankin Shika da Giwa, ina kai wa manoma iri da maganin feshi. In iskar hunturu ta kaɗa ƙura ce ke cika wurin, in damina ce laima, ga ɓera da ke shiga ya ci waya in mashin ya kwana kusa da buhunan masara. Don haka buɗe sit a wurina ba abin sau ɗaya a shekara ba ne.

Da farko na ji daɗinsa ƙwarai. Akwai daren da fitilar baya ta ɗauke min a kan titin Funtuwa, inda manyan motoci ke tafe a bayanka ba sa ganin ka sai sun zo dab. Na gangara gefe, na murɗa notin nan da yatsu, na ɗaga sit, na haska da tocilan waya, na ga soket ne ya zare. Na mayar, na naɗe da salatif, na kama hanya. Washegari duk wanda na haɗu da shi sai na yi masa tallar abin, har mutum biyu na ba lambar mai sayarwar.

To bari in zo kan abin da ya sa nake wannan rubutu.

A watan Agusta na je ƙauye na ɗauko Inna zan kai ta ganin likitan ido a cikin gari. Daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta hanyar burji ce, ruwa ya zaizaye ta, duk gargada da kwazazzabai. Inna ta haura saba'in, kuma zaman gefe take yi irin na tsofaffi, ƙafafu duka a hagu don gudun salansa, hannu ɗaya riƙe da kariyar ɗora kaya, ɗayan rungume da ledar katinta na asibiti da 'yar jakar goro. A giya biyu nake tafiya, ina lallaɓawa. Mun yi nisa kaɗan sai ta ce, "Kai ɗan nan, wannan mazaunin naka fa motsi yake yi." Na ce, "Inna, hanyar ce, yanzu za mu hau kwalta." Ni a gaba ban ji komai ba, don harshen sit yana nan a wurinsa kuma nauyina ya danne shi.

Akwai wata gangara kafin a kai kwalbati, ruwa ya kwanta a ƙasanta ya rufe rami. Tayar gaba na faɗawa, sai na ji bayan sit ya ɗaga ya murɗe gefe, harshen ya zare gaba ɗaya. Ni na zame na daki tanki da ciki. Inna kuwa sit ɗin ya tafi da ita, ta sauka a kan ƙugunta cikin taɓo, gefen zanenta ya sarƙe a kariya. Na yar da mashin ko kashe shi ban yi ba. Wallahi ban taɓa jin faɗuwar gaba irin ta wannan lokaci ba, saboda kowa ya san abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho, da yawa daga nan ba su sake takawa da ƙafarsu. Ina riƙe da ita ina "Inna, Inna, ina ne ke ciwo?", ita kuma salati kawai take yi.

Wasu bayin Allah da ke noma a gonar gefe suka rugo. Wata mata ta kama ta muka miƙar da ita a hankali, ta taka, ta sake takawa. Allah ya rufa asiri, ba karaya. Gwiwar hannunta ta gurje tana jini, ƙugun kuma ya yi mata tsami har ta yi kwanaki tana salla a zaune. Matar nan ta kwance ɗankwalinta ta goge mata taɓo, Allah ya saka mata da alheri. Da na koma kan mashin, notin dama babu shi babu alamarsa, Allah kaɗai ya san inda ya faɗi a hanya. Na hagu kuma yana lilo a kunnen sit, zarensa ya riga ya fita daga firam. Wani dattijo ya kwanto robar ɗaure kaya daga kekensa muka ɗaure sit da ita.

Inna ba ta sake hawa ba. A bakin hanya muka zauna har wata a-kori-kura mai ɗaukar masara ta zo, direban ya sa ta a gaba, na bi su a baya. Ba ta yi min faɗa ba, ko kalma ɗaya. Cewa kawai ta yi, "Tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Layin asibiti kuwa ya wuce mu, sai wani mako aka sake ba ta rana.

Na kai mashin wurin wani tsohon bakanike da nake zuwa tun ina ɗalibi, Baba nake ce masa. Ya karɓi notin da ya rage ya juya shi a hannu, ya sa shi a ramin da kunnen sit da ƙarfen kariya a tsakani kamar yadda yake zama, ya ce in ƙirga. Juyi uku da rabi ya tsaya. Ya ɗauko notin asali, wanda na ajiye a gida na taho da shi, ya sa: sai da ya wuce juyi bakwai. Ya ce, "Malam, ka ga matsalarka. Wannan ba a yi shi don mashin ɗinka ba." Ya yi min bayani yadda na gane. Notin da ake kwancewa da sifana 12 kaurinsa milimita 8 ne, kowane juyi yana shiga milimita 1.25, kuma ana so aƙalla tsawon da ya kai kaurinsa ya shige cikin zare, wato sama da juyi shida. A mashin ɗina kariya da sit noti ɗaya suke rabawa, don haka kaurin ƙarafan biyu ya cinye tsawon, abin da ya shiga bai kai milimita 5 ba. Ga shi babu washa mai sifirin, wadda ake sawa don kada girgiza ta kwance noti. Injin mai fistin ɗaya kuwa girgiza ce sana'arsa, ka haɗa da gargada, ka haɗa da mai zaman gefe da nauyinta ke murɗa sit ɓangare ɗaya. Yatsa kuma ba zai taɓa ɗaure noti kamar sifana ba, shi ya sa notin hannu ya fi kowane buƙatar abin da zai hana shi juyawa.

Ban gama haɗiye wannan ba ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya kara. Notin ya manne ƙam. A bidiyon talla an ce ƙarfe ne marar tsatsa. Baba ya ce na gaske irin wanda ake rubuta A2-70 a kansa, maganaɗisu da ƙyar yake jan sa, in ma ya ja. Wannan baƙin ƙarfe ne aka shafa wa farin ruwa. Dama na lura gindin fuka-fukin ya fara ja tun ruwan farko, na ɗauka jar ƙasa ce ta manne.

Daga garejin na kira mai sayarwar. Na yi masa sallama, na gaya masa abin da ya faru tun daga farko, har da faɗuwar mahaifiyata. Ko "Allah ya ba ta lafiya" bai ce ba. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Alhaji, ai ba ka ɗaure sosai ba ne. Mun sayar wa mutane da yawa, ba wanda ya kawo ƙorafi. Da ka ɗan matse da filaya." Na ce masa, "Malam, kai ka ce abin hannu ne. In sai na sa filaya zai zauna, to sai na sa filaya zai kwance, me na saya ke nan?" Na tambaye shi me ya sa bai tambaye ni irin mashin ɗina ba ranar da na yi oda. Ya ce na kowane mashin ne. Da na matsa sai ya ce in aiko da kayan zai duba, kuɗin mota a kaina, kuma sai sun cika biyu yadda ya aiko. Ɗayan da ke kwance cikin taɓo a hanyar ƙauyenmu, a ina zan samo masa? Na kashe wayar raina a ɓace. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, ko da yake a wannan zamani na tsadar mai ba kuɗin yarwa ba ne. Mutum ya sayar maka da abin da rai ke zama a kansa, sannan ya yi maka magana kamar murfin waya ka saya ya fashe.

Niyyata a mayar da notin asali a manta da zancen, Baba ne ya ce in dakata. Ya zaɓo noti biyu masu lamba 8.8 a kai (lambar da ke nuna ƙarfin noti), waɗanda tsawonsu ya dace, ya aika yaronsa wurin mai walda aka liƙa wa kowanne ɗan fallen ƙarfe a kai ya zama abin murɗawa. Ya goge gefunan da fayil har suka yi sumul, don ya ce fiffike mai kaifi yana kama zane da hijabi, kuma a kusa da taya wannan ba wasa ba ne. Ya sa washa mai sifirin, ya yanko roba daga tsohon tub ya sa tsakanin kunnen sit da firam don ta sha girgiza. Sannan ya huda ɗan rami a fiffiken, ya maƙala ƙaramin sifirin irin na makunnin fitilar birki daga ramin zuwa kariya, ta yadda jan sifirin ɗin yana ƙara ɗaure notin ne. In za ka buɗe, ka zare sifirin da yatsa, ka murɗa. Duka aikin har da ladan mai walda bai kai rabin abin da na tura wa wancan ba. Na ƙarasa damina da shi, na shiga kaka ina ɗauko buhu a kariya, bai taɓa sassautawa ba. Na kuma koma jin daɗin da na ji da farko.

Sai dai akwai abin da ko na Baba bai magance ba. Abin da hannunka zai kwance, hannun wani ma zai kwance. Sit kaya ne da ake sayarwa a kasuwar 'yan gwangwan ba tare da an tambayi takarda ba. Ranar Juma'a in na ajiye mashin cikin ɗaruruwan mashina a bakin masallaci, hankalina ba ya kwanciya, sai na lulluɓe shi da buhu don kada fiffiken ya ja ido. A gida kuma yara sun gano yadda ake yi, na taɓa fitowa da safe na tarar an zare sifirin ɗaya. Tun daga nan ba na tayar da mashin sai na kama bayan sit na jijjiga, balle in zan ɗauki wani. Takardun mashin da na so in riƙa ajiyewa a ƙarƙashi ma na fasa, suna aljihu.

Mutum biyun da na ba lambar na neme su. Ɗaya bai riga ya saya ba. Ɗayan ɗan acaɓa ne da ke ɗaukar mata da yara zuwa kasuwa kullum, ya ɗaura har ya fara aiki da shi. Muka ƙirga tare a bakin shagona, nasa juyi huɗu ya yi. A take ya cire ya mayar da na asali.

Na koma ƙarƙashin bidiyon tallar na rubuta da ladabi cewa ya riƙa faɗin tsawon notin, ya riƙa tambayar irin mashin, ya kuma haɗa da washa mai sifirin, tunda ba ta da wata tsada. Kafin magariba an goge rubutun nawa. Bidiyon yana nan, kuma har yanzu cewa yake na kowane mashin ne.