Boxer ko roba-roba, ga mai son fita yawon wuni shi kaɗai

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wane babur ya kamata ka saya don fita yawo kai kaɗai, Boxer ko roba-roba, wato ƙaramin babur ɗin nan mai rufin roba. Tsakanin Boxer da roba-roba, in dai don fita bayan gari ne kai kaɗai, ka tashi da safe ka dawo da yamma, Boxer za ka saya. Na ga wasu sun fara kawo maka zancen kyau da tsari. Ka saurare su, amma ka tambayi kowannensu yaushe rabonsa da wuce Kura a kan babur.

Roba-roba yana da ranarsa, ba zan hana shi ba. Babu ruwanka da kuloci, giya kawai za ka taka. Kana iya hawansa da shadda ranar Juma'a ka sauka tsaf, don robar gaban tana tare maka taɓo, kuma yana kutsawa cunkoson Kantin Kwari ba wahala. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, mutane da yawa suka guji duk babur mai kama da na haya, shi ya sa kake ganinsa ko'ina a hannun ma'aikata da ɗalibai. Na taɓa riƙe guda ɗaya. Da zarar na wuce Na'ibawa titi ya buɗe, sai ya soma nuna halinsa: tankin da ke ƙarƙashin kujera ɗan lita 4 ne ko ƙasa da haka, tirela in ta gifta iskarta sai ta yi gefe da kai, robobi suna ta karkarwa. Na sayar da shi, ban yi kewarsa ba.

Shi kuwa Boxer, kamfanin Bajaj na Indiya ya ƙera shi ne don wahala, don ɗaukar mutum biyu da buhu a hanyar da babu kwalta. To ka ga in kai kaɗai ne a kai, da 'yar jakarka, hutu yake yi. Tankinsa ya fi na roba-roba girma nesa ba kusa ba. A hannuna, in ban matsa masa ba, lita ɗaya tana kai ni kilomita 50 ko fiye. Daga Kano zuwa madatsar ruwa ta Tiga kusan kilomita 70 ne, ka ga zuwa da dawowa da 'yan ratse-ratse ba za su cinye rabin tanki ba. Ka cika a gidan man da ka yarda da shi a cikin gari, shi ke nan kun rabu da zancen mai har ka dawo. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi, amma ni ba tsadar ce ta fi damuna a hanya ba, man galan na bakin titi ne. Wani da datti, wani da gauraye, ya toshe maka kabureta a inda ba ka san kowa ba. Mai ƙaramin tanki dole watarana ya tsaya wajen 'yan bumburutu.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, daɗin irin wannan fita gaba ɗaya yana cikin ka manta da babur ɗin. In hankalinka yana kan allurar mai, ko kana kasa kunne ga wata ƙara a ƙarƙashinka, to ba yawo kake yi ba, gadi kake yi.

Hanyar da na fi so, kuma ita zan ba ka shawara ka fara da ita, ita ce ta Tiga. Ka yi asuba, ka karya, ka jira gari ya yi haske sosai sannan ka kama titin Zariya. A gadar Tamburawa za ka ji sanyin kogin Challawa ya bugi ƙirjinka, abin da na cikin mota bai san ana yi ba. Kana shiga Kura hanci zai gaya maka inda kake kafin ido, ƙamshin shinkafar da ake turarawa ya cika gari. Daga nan zuwa Kadawa fili ne shimfiɗe, kore shar ko da tsakiyar rani, ga hanyoyin ruwa sun ratsa gonaki, ga balbela a bayan masu huɗa. In lokacin tumatir ne, a Kwanar Gafan za ka tarar da kwanduna jibge a bakin titi da manyan motocin da za su kai su kudu. A nan ka rage gudu ƙwarai, don masu dako ba sa duba hanya. Duk ruwan nan da ka gani yana malala a gonaki daga inda ka nufa yake zuwa. Madatsar Tiga an gina ta ne zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, kuma ita ke shayar da noman ranin wannan yanki. Ni dai ina jin daɗin bin ruwan a baibai, daga gona zuwa mafarinsa.

A wajajen Bagauda za ka bar babban titi. Daga nan motoci suka ragu, ƙasa ta fara tudu da gangare, duwatsu suka fara leƙowa, kuma a nan ne mutum ke gane amfanin fitowa shi kaɗai. Babu wanda za ka yi shawara da shi kafin ka tsaya. Ka ga inuwar ɗorawa ta yi maka, ka kashe inji ka zauna. Ka ga wata 'yar hanya ta ratse, ka bi ta ka ga inda ta nufa, in ba ta yi ba ka juyo, ba mai cewa ka ɓata masa lokaci. Da abokai ana raha, gaskiya ne, amma kullum akwai mai sauri da mai jinkiri, da wanda waya ba ta barinsa. Kuma mutanen karkara sun fi sakin jiki da mutum ɗaya. In kuka zo ku biyar da ƙarar salansa, kallo za a bi ku da shi. In kai kaɗai ne ka yi sallama, sai a matsa maka a kan benci, a tambaye ka daga ina, kafin ka ankara an miƙo maka rake. A bakin ruwan Tiga akwai masunta da masu suyar kifi. Ka ci da zafinsa, ka yi azahar a masallacin gari, ka ɗan miƙe ƙafa kafin rana ta karya.

Kada ka dawo ta inda ka zo. Ka bi ta Rurum ka ga duwatsun nan da suka hau kan juna, ka faɗa Rano, ka biyo ta Bunkure ka ɓullo Karfi, inda za ka sayi masara ta tsaraba in lokacinta ne. A wannan ɓangaren ne Boxer ya gama saye ni. Wata rana tsakanin Tiga da Rano ƙusa ta shiga tayar baya. Na tura shi ba nisa zuwa wani ɗan ƙauye da ko shagon kirki babu, sai ga bakanike a gindin darbejiya da akwatin sifanunsa. Ko tambayata bai yi ba, ya ɗaga babur ya kwance taya, ya shiga ɗaki ya fito da sabon tub na Boxer a kwalinsa. Kafin in gama shan furar da na saya wajen wata 'yar Fulani ya ɗaure, ya ja mini sarƙa don ya ga ta saki, ya ɗiga mata baƙin mai. Da na ce nawa, abin da ya faɗa har kunya ta kama ni, na ƙara masa. Duk ƙauyen da ka shiga a ƙasar nan akwai mai kai amfanin gona kasuwa da Boxer, saboda haka akwai wanda ya san cikinsa da wajensa, akwai filogi, akwai wayar kuloci, akwai takalmin birki. Wannan ba a rubuta shi a jikin kwali, amma ga mai tafiya shi kaɗai ya fi komai.

Sai kujera. Doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kana iya matsawa gaba ko baya in zama ya ishe ka, kuma tankin yana tsakanin gwiwoyinka, kana da abin matsewa in ka shiga rami ko yashi. Cikinsa ya ɗaga daga ƙasa, ba ya gugar kunya ko dutse. Wanda bai taɓa yin awa biyu a kan babur ba zai ɗauka ƙaramin abu ne.

Ba wai ba shi da aibu ba. Birkinsa na ganga ne gaba da baya, ba ya kamawa nan take kamar na faifai, dole ka koyi ba da tazara. In gudunka ya wuce kilomita 80 a awa zai fara girgiza maka hannu, ni a 60 zuwa 70 nake barinsa, kuma wanda ya fito kallon ƙasa me zai yi da gudun da ya fi haka? Babu wurin ajiya, sai ka ɗaure jaka a kariya da roba. Za a riƙa tsayar da kai a hanya ana zaton ɗan acaɓa ne, wannan kam sai haƙuri, ni har dariya yake ba ni. Ɓarayi suna sonsa saboda yana da kasuwa, ka sayi kwaɗo mai kyau. Sannan saboda halin da ake ciki na tsaro, jami'ai a shingen bincike sun fi tsare mai irinsa da tambaya. Ka riƙe takardunka da katin shaida a aljihu, ka sa lamba, ka kashe inji ka cire hula ka gaishe su. Kada ka zarce wajen dajin Falgore ba tare da ka tambayi mutanen yankin ba, kuma duk inda kake ka lissafa yadda magariba za ta same ka a gida.

In kuɗinka sun kai, akwai Boxer mai inji 150, ya fi jan tudu kuma ya fi natsuwa a babban titi, zai yi maka daɗi ranar da ka ce sai Daura ta Kazaure, ko Dutse ta Wudil. In ba su kai ba, mai 100 ya ishi mutum ɗaya, kuma kayansa sun fi yawa a ƙauye. Babur ɗin TVS ma ba laifi, ɗan gidan su ɗaya ne a wajen aiki, sai dai ba shi ka tambaya ba.

Ba ka tambayi wannan ba ma, amma sai na faɗa: ka yi hattara da masu sayarwa. Saboda Boxer yana da farin jini, an fi yin algus a kansa. Akwai masu ɗauko wanda ya sha wuya a haya, su yi masa fenti, su sa sabuwar kujera da sitika, su mayar da mita baya, su naɗe madubi da leda, a ce maka wata uku kawai wani alhaji ya hau. Kada ka kalli fenti. Ka kalli robar matakin ƙafa da ta kik, ka kalli haƙoran da sarƙa ke bi ko sun yi tsini, ka duba kawunan notin inji ko sifana ta cinye su. Ka je da sassafe ka taɓa injin da hannunka, in ka ji shi da ɗumi an riga an tayar da shi don kada ka ga yadda yake wahalar tashi. Ka zaro ma'aunin baƙin mai, in ya yi kauri kamar madi an zuba ne don a ɓoye hayaƙi da ƙara. Ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya nuna maka ba, don sau da yawa la'adarsu ɗaya.

Mafi haɗari shi ne na sata. Lambar inji da lambar jiki su dace da abin da ke rasit harafi da harafi, in ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, ka tafi ko kyauta aka ba ka. A rubuta takardar ciniki da shaidu, da lambar wayar mai sayarwa da hoton katinsa. Wanda ya ce takardu suna gida zai kawo gobe, ka ce kuɗin ma suna gida. Kuma kada ka tura wa kowa kafin alƙalami don hoton da ka gani a Facebook. In da hali ka sayi sabo wajen dila sananne, a haɗa shi a gabanka, ka tabbata kayan da suka zo a kwalin su aka ɗaura, don akwai masu musanya filogi da batir da na jabu tun a wajen haɗi. Sayen nagari mai da kuɗi gida, Boxer mai takardu ko bayan shekaru ka kai shi kasuwa ba zai kwana ba.

In ka saya sabo, kada ɗoki ya sa ka nufi Tiga a makon farko. Ka yi ta zagaye da shi a gari a hankali har ya yi kamar kilomita 500, ka juye baƙin mai, a ɗaure notuna a ja sarƙa, sannan ka fita. Ka sayi hular kwano ta gaske mai gilashi, ka sa takalmi sau-ciki da riga mai kauri, ka ɗauki ruwa da tub da filogi ɗaya, ka gaya wa mutanen gida hanyar da za ka bi. Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa da sauran kore, dam a cike, hazo bai sauko ba. In ka tashi zuwa ɗauko babur ɗin ka turo hoton lambar injin da na rasit a nan, mu duba maka kafin ka biya.