Me Ya Kamata Ka Saya Idan 'Ya'yan Kabewa Suna Zubewa?

Duk wanda ya shuka kabewa a lambun gida ya san takaicin ganin ɗa ya fito kamar ɗan yatsa, sannan ya yi rawaya, ya yanƙwane daga wajen furen, ya faɗi. Masu sayar da kayan gona sukan miƙo abubuwa uku: takin zamani, ruwan kalsiyam na feshi, da maganin ƙwari. A ganina, abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne ƙaramin buroshi mai laushi irin na masu zane, domin galibi rashin barbara ne, wato rashin isar garin furen namiji ga furen mace, ke kawo wannan zubewar.

Kabewa tana fitar da fure iri biyu a yaɗo guda. Namiji yana kan siririn kara, kuma shi ke fara fitowa da mako 1 zuwa 2, ita kuwa macen ana gane ta da ɗan kumburin da ke ƙarƙashinta. Kowane fure safiya ɗaya kawai yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, saboda haka idan ƙudan zuma bai zo a wannan ɗan lokaci ba, ɗan ba zai kama ba. Da sassafe sai ka shafo garin nan rawaya daga cikin namijin, ka goga shi a hankali a dukkan sassan tsakiyar macen, domin idan gefe ɗaya kawai ya samu, ɗan yakan fito a karkace. Cikin 'yan kwanaki za ka ga ya fara kumbura. Ka zaɓi buroshi mai gashi lallausa, ka kuma ajiye shi a bushe, tunda jiƙaƙƙe yana dunƙule garin.

Yuriya, takin zamani mai naitirojin kashi 46 cikin 100, ganye za ta ƙara maka. Feshin kalsiyam kuwa ba ya kaiwa cikin ɗan sosai. Idan gindinsa yana baƙi yana ruɓewa, daidaita ban ruwa da rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa sun fi shi amfani. Maganin ƙwari yana kashe ƙudan zuman da kake nema, don haka idan ya zama dole, a fesa shi da yamma bayan furanni sun rufe.

Inda nake so a yi hattara ƙwarai shi ne jabu. An taɓa sayar mini da iri a cikin leda mai hoton kabewa santala-santala, amma abin da ya tsiro ya bambanta da juna, kuma 'ya'yan ba su yi kama da hoton ba. Akwai masu tattara iri daga 'ya'yan da aka shuka da irin F1 (wanda ake samu ta haɗa nau'i biyu), alhali irin da aka tattara haka ba ya maimaita kamannin uwarsa, su rina shi da launi, su zuba a sabuwar leda. Ka duba ranar da aka ɗura shi, lambar rukuni, da bakin ledar ko an sake liƙe shi. Haka ma kwalaben feshi: wanda hatiminsa ya ɓalle, ko rubutunsa ke gogewa da yatsa, ko aka ɗure shi a kwalbar da ba ta da suna, ka bar shi. Wanda kuma ya ce maka ruwansa guda yana hana zubewar 'ya'ya, yana korar ƙwari, yana kuma ƙara girma, ka tambaye shi sinadaran da ke ciki kafin ka biya ko sisi.