Ƙaramin injin dasa harsashi ya tona mini asirin kwansona

Shekara huɗu ke nan ina cika harsashina da kaina, wato in zuba albarushi a kwanso (bawon tagulla na harsashi) in dasa masa kai, a garejin gidana a nan Tekzas, inda doka ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa. Harbin gasa nake yi, yadi 600, da harsashi samfurin 6.5 Creedmoor. Kuma a duk tsawon lokacin nan abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: sai harbi huɗu su taru wuri guda, na biyar ya balle ya yi nasa wuri. Na zargi iska, na zargi bindiga, na zargi idona.

Da na ce zan sake injin dasa kan harsashi, kowa a filin harbi da tasa shawarar. Wannan ya ce injin Rock Chucker na kamfanin RCBS, ƙarfe ne da jikoki za su gada. Wancan ya ce Co-Ax na kamfanin Forster, don bututun dasawarsa, wanda ke riƙe kwanso da kai a miƙe, yana ɗan motsi ya daidaita kansa. Wani dattijo da ya girmi mahaifina ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, babban injinka ka bar shi ya ci gaba da gyaran kwanso. Dasawa kuwa, nemi ƙaramin na hannu, irin wanda ake haɗawa da bututun kamfanin Wilson."

Na bi shawarar dattijon na saya, amma da ya iso sai gabana ya faɗi. Abu ɗan mitsitsi, ko ɗaure shi a tebur ba a yi. Na ce kuɗina sun tafi.

Daren farko na jera kwanso 50. Na ɗora kai, na rufe da bututun, na danna. Wallahi a karo na bakwai na tsaya cak. Shida na farko sun shiga da ɗan tauri iri ɗaya, wannan kuwa ya zurma kamar an sa yatsa a man shanu. Na ci gaba, sai ga wani ya yi gardama har sai da na ƙara ƙarfi. Tsohon injina dogon hannu gare shi, yana ninka ƙarfin mutum, shi ya sa duk wannan bambanci yake haɗiye shi ban taɓa ji ba. Wannan kuwa komai a tafin hannunka yake. Ashe wuyan kwansona ne ba ya riƙo daidai, domin tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka harba ta aka sake matse ta, ni kuma na cakuɗa tsofaffi da sababbi a gwangwani ɗaya.

Na ware guda tara da hannuna bai yarda da su ba, na shafa musu jar alama a gindi. Ranar Asabar na harba 41 ɗin nan, suka taru yadda ban taɓa gani ba. Na harba masu alamar, suka watse. Na daɗe zaune ina kallon takardar da na harba.

To amma kada in yi ta yabo in manta da abin da ya ƙona mini rai. Shagon intanet da na saya a wurinsu na rubuta musu ƙarara cewa kawunan da nake amfani da su masu dogon tsini ne, su haɗo da sandar dasawa da ta dace. Suka aiko da ta gama-gari. Tsinin yana taɓa ƙurya tun kafin bakin sandar ya kama kafaɗar kan, tsawon harsashi ya riƙa bambanta. Mako uku ina aika saƙo, gasa ɗaya ta wuce ni. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Ga kuma jinkiri. Kowane harsashi sai ka sa, ka rufe, ka danna, ka zare. Ƙaramin injin ba ya gyara jikin kwanso gaba ɗaya, kuma kowane girman harsashi da nasa bututun, wato wani kuɗin. Mai cika ɗaruruwan harsashin ƙaramar bindiga kada ma ya kusance shi, zai tsine wa wanda ya ba shi shawara. Ni kaina ranar da nake gaggawa tsohon nake komawa.

Harsashin gasa kuwa, tun daga ranar nan ban sake dasa ko ɗaya da babban injin ba. Kwansona yanzu gwangwani uku ne, kowanne na rubuta sau nawa aka harba shi.