Tsohuwar lema ko zanen gado mai kaki: wanne ya fi yin rigar ruwa?

'Yar'uwa, kin ce kina da lema biyu da ƙarafunansu suka karye, ga kuma tsohon zanen gado da kika ji ana shafa wa kaki ya hana ruwa shiga, kina tambaya wanne za ki ɗinka wa ɗanki mai zuwa firamare a ƙafa. Na gwada duka biyun a kan keken ɗinkina Butterfly, kuma na ce miki lemar.

Dalili shi ne ruwa ba ta jikin yadi ya fi shiga ba, ta ɗinki yake bi. Duk inda allura ta huda, ƙofa ce. Ko Charles Macintosh, mutumin Sikotilan da ya yi rajistar yadi mai roba a tsakiya a 1823, abin da ya sha masa kai ke nan: teloli su huda, ruwa ya bi ramin allura. To lema ta riga ta zo da ɗinkin kamfani, galibi ƙyalle takwas, kowane ɗinki ya gangaro daga sama zuwa ƙasa yadda ruwa zai zurare. Ki sa reza ki yanke zaren da ya ɗaure ƙyallen da ƙarafa, ki cire hular tsakiya, sai ki faɗaɗa wannan ramin daidai kan yaro. Shi ke nan, rabin aiki ya ƙare. Lemar manya takan sauko wa ƙaramin yaro har ƙugu. Ta biyun kuma a jikinta za ki fitar da hula, ki ƙara tsawon baya domin ya rufe jakar littattafai. Wajen ƙarin, ki ɗora na sama a kan na ƙasa kamar jerin kwanon rufi. Na taɓa juya shi, yaro ya dawo min da baya sharkaf.

Sai dai ƙyallen lema akwai santsi da taurin kai. Kada ki kafa masa fil, ki riƙe da abin maƙale shanya. Allura lamba 14 ta isa, zare na roba ba na auduga ba, don auduga tana tsotsar ruwa ta kai shi ciki. Ki buɗe taku ya yi faɗi, in ya yi ƙanana ƙwarai yadin yagewa yake kamar takardar rasit. In yana zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke, ki shimfiɗa takardar jarida ki ɗinka tare, bayan nan ki yage ta. In kin gama ki goga kyandir a kan ɗinkin ta ciki. Dutsen guga kuwa kada ya kusance shi, narkewa zai yi. Kafin ki ɓata lokacinki ma, ki zuba kofin ruwa a ƙyallen ki riƙe shi kamar jaka na ɗan lokaci. Lemar da ta daɗe a rana wani lokaci ta riga ta mutu.

Zanen gado fa? Yana yi, amma da sharaɗi. Dole ya zama auduga mai matsattsiyar saƙa. Ki ɗaga shi ga rana, in kina hango haske tsaga-tsaga, ki bar shi ya zama tsumma. Nan ɗinki ake fara yi, kaki daga baya, kuma wannan ce falalarsa, don kakin yana toshe ramukan allura. Kakin zuma za ki nema wurin masu sayar da zuma, ki sa a gwangwani, ki tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai tsaye a wuta ba. Yana narkewa da zafin da bai wuce digiri 65 ba. Ki shafa, ki ɗora takarda ki bi da guga har ya shige. Kyandir zalla kada ki yarda da shi, yana tsattsagewa ya bar farin layi duk inda rigar ta lanƙwashe.

Matsalar ita ce ƙasarmu ba Ingila ba ce. Can sanyi ne da yayyafi, shi ya sa rigunan kaki suka karɓu. Nan ruwan Agusta yana ɗaukewa rana ta buɗe, rigar ta yi danƙo, ƙura ta manne, farin yunifom ya ɗauki maiƙo a kafaɗa. Ga nauyi, ga shi ba a wanke ta da Omo ko ruwan zafi, sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan yadi mai kaki da yaron da ke giftawa ta gaban murhu, ni dai raina bai kwanta ba.

Zanen kada ki yar. Ki yi masa kakin ki ɗinka murfin keken ɗinkinki ko na buhun hatsi, inda nauyi ba zai dami kowa ba. Buhun taki kuma da wasu ke hudawa su zura wa yara, ki bar shi, saƙarsa tana yoyo kuma ragowar takin yana cin fata.