Bayan Ajiye Ƙwallo: Koci ko Alƙalin Wasa?

Ana yawan tambaya: ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya yi ritaya, wanne ya fiye masa?

Gary Lane, tsohon mai jefa ƙwallo a ƙungiyoyin Cleveland Browns da New York Giants, usur ya ɗauka, har ya yi alƙalanci a Super Bowl (wasan ƙarshe na cin kofi) sau 2. Sai dai hanyar doguwa ce: galibi daga wasannin sakandare ake farawa, sannan jami'a, kafin NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka. Kuɗin bai kai na babban koci ba, amma alƙali na iya riƙe wata sana'ar, ya kuma daɗe yana busa. Zagin 'yan kallo kam, sai haƙuri.

Koci na kwasar kuɗi da suna, amma kakar wasa ɗaya ta lalace sai kora.

Mai jimirin matsin lamba ya kama horarwa. Mai son zama lafiya da iyali, alƙalanci ya fi dacewa da shi.